Famfon Bayan Aji Uku

Ni ne mai gadin makarantar nan,
shekara goma sha tara ina buɗe ƙofa ina rufewa.
Na ga 'yan bautar ƙasa iri-iri.
Wani ya sa hannu a takarda ya ɓace,
sai ranar alawus a hango ƙeyarsa a Deba.

Shi wannan a bayan akori-kura ya iso,
tsakanin buhunan taki da akuya biyu,
wandon kaki ya fi ƙarfin ƙugunsa.
Osaretin, in ji shi.
Harshenmu ya yi tuntuɓe sau uku,
muka rage masa kaya, muka ce Malam Osa.

Kalmar da ya fara koya ita ce ruwa,
ita ma a karkace.
Na kai shi bayan aji uku na nuna masa famfo,
hannunsa a sama kamar mai rantsuwa,
damina biyu ko hawaye bai zubar ba.
Ga Dadin Kowa can, ruwa iya ganin ido,
ga 'ya'yanmu da jarka a ka, darasin farko na wuce su.

Ya ce injiniya ya karanta.
Na ce to.
Ya kama sifana, ta cije shi a yatsa.
Buba Gajere mai gyaran injin ban-ruwa
ya yi dariya har ya zauna a ƙasa,
sannan ya ce, zo nan ɗan boko, ba haka ake riƙe ta ba.
Sati shida yana bin Buba kamar jela,
da safe alli, da yamma baƙin mai.
Buba na nuna masa zaren bututu,
shi yana zana wa Buba lissafin zurfi a bayan kwalin sukari.

Sau uku muka kai takarda ƙaramar hukuma.
Sau uku sakatare ya tafi taro.

A rumfar mai shayi ya ce, da Hausarsa mai ɗingishi,
gida ɗaya, naira ɗari biyu.
Aka yi tsit.
Ba kuɗin ne ya yi nauyi ba,
wa zai riƙe?
Ya sayi littafi mai jan bango,
ya miƙa wa Hajjo, 'yata,
wadda ko gaisuwa sai ta kalli yatsun ƙafarta.
Duk Juma'a bayan an sauko
ta tsaya ta karanta wanda ya biya da wanda bai biya ba.
Ranar da ta kai kan sunan mai unguwa muryarta ta yi rawa,
amma ba ta tsallake ba.
Kafin la'asar ya aiko da nasa.

Ruwan ya zo wata Talata,
ja da farko, kamar yana jin haushinmu,
sannan ya yi fari.
Inna Dudu ta wanke fuska,
ta faɗa masa magana da Fulatanci.
Bai ji ko ɗaya ba. Ya sunkuyar da kai.

Shekara ba ta da tsawo.
Ya tafi da gyaɗa tiya huɗu da tabo a yatsa.

Bara famfon ya sake yin shiru.
Ba wanda ya kalli hanyar Gombe.
Hajjo ta buɗe littafi, Buba ya kira yara biyu,
kafin azahar mata sun jera bokiti.

Jiya takardar Zakariyya ta fito.
An tura shi wani gari a Ebonyi,
na gwada sunan, harshena ya ƙi.
Uwarsa na ƙulla masa kuka da yaji,
ni kuwa na zura tsohuwar sifana a ƙasan jakar.

Ku mutanen can da ban sani ba,
in ya nemi ruwa da karkataccen harshe,
ku yi dariyarku,
sannan ku ba shi.